Yadda Ake Sa Bakteriya Su Ƙera Robar Da Ke Ruɓewa

Mahauta a Daura da Mai'aduwa sun saba gani: a yanka akuya, a tarar da dunƙulen leda a tumbinta. Ledar fiya-wata da baƙar leda daga man fetur ake yin su, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa ba sa iya cinye su. Shi ya sa suke toshe kwata da damina, su kuma bi takin bola har gona.

Amma akwai robar da bakteriya ke yi a cikin jikinsu. A 1926 wani masani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano ta. Sunanta PHB, daga dangin da ake kira PHA. Idan bakteriya suka samu sukari da yawa amma sinadarin naitirojin ya yi ƙaranci, ba za su iya hayayyafa ba, sai su mayar da sukarin ƙananan curi su adana, kamar manomi da rumbunsa. Nau'in Cupriavidus necator yakan tara wannan roba har kusan kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinsa. Tunda abincin bakteriya ce tun asali, idan aka yar da ita 'yan'uwansu na cikin ƙasa ko ruwa za su cinye ta.

A 1988 masu bincike suka ɗauko ƙwayoyin gado uku, phaA da phaB da phaC, suka dasa wa E. coli, wadda ba ta yin robar a da, sai ta fara, tamkar an ɗora wa waya sabuwar manhaja. A masana'anta ana kiwon bakteriyar a manyan tankuna, a fasa su, a wanke robar, a busar.

Matsalar ita ce kuɗi. Kamfanin ICI na Ingila ya fito da ita da sunan Biopol, har aka yi kwalbar sabulun wanke gashi da ita a Jamus a 1990, amma tsada ta hana ta yaɗuwa. Yau Kaneka na Japan yana yin ta da man tsirrai.

Mai sayen rigar waya da aka ce tana ruɓewa ya duba rubutun jikinta. Idan PLA ce, ba PHA ba, sai an sa ta a masana'antar taki mai zafin kusan digiri 60. A bola kuwa za ta daɗe yadda take.