Namiji ko Mace: Daga Ina Bambancin Yake Farowa?

Darasin kimiyya na wannan mako ya shafi jinsi.

Fatun da ake jimewa a masana'antun Challawa, Sharaɗa da Bompai na awaki ne da tumaki da shanu, ciki har da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna a duniya. Dukkansu dabbobi ne masu shayarwa kamar mu, kuma hanya ɗaya ce ke raba bunsuru da akuya, rago da tunkiya, yaro da yarinya.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu zarurruka masu ɗauke da gado, ana kiran su kuromosom. Mutum yana da 46, akuya da saniya 60, tunkiya 54. Biyu daga ciki su ne na jinsi: mace tana da X da X, namiji yana da X da Y. Ƙwan mace kullum X yake ɗauka. Maniyyin namiji kuwa kashi biyu ne, wani X, wani Y. In mai X ya riga isa, a haifi mace. In mai Y ne, a haifi namiji.

A makonnin farko na ciki, tayin mace da na namiji ba su da bambanci. Wajen mako na bakwai sai wata ƙwayar gado da ke kan Y, mai suna SRY, ta tashi aiki. Ita ke kunna wata mai suna SOX9, maraina su fara samuwa, su riƙa fitar da sinadarin testosteron mai gina jikin namiji. In babu SRY, wasu ƙwayoyin gadon ne ke gina ma'ajiyar ƙwai ta mace.

Nettie Stevens, 'yar Amurka, ta danganta jinsi da kuromosom a 1905. An gano SRY a Landan a 1990. A 1991 masana suka sa ta cikin tayin ɓera mai X biyu, ya fito da siffar namiji.

Makiyaya sun san wani abin mamaki: in saniya ta haifi tagwaye, maraƙi da maraƙa, yawanci macen ba ta haihuwa, domin jininsu ya gauraya a ciki, sinadaran namijin suka taɓa ta. A kaji kuma lamarin juye yake, ƙwan kaza ne ke yanke jinsin tsako.

Abin lura a nan shi ne, har yau akwai gidajen da ake goranta wa uwa, wani lokaci har a sake ta, wai 'ya'ya mata kawai take haifa. Ga shi kuwa Y daga wajen uba take zuwa, shi ma ba shi da ikon zaɓa. Haihuwa kyautar Allah ce. Mu kai wannan bayani gida cikin ladabi.

Tambayar mako: kuromosom nawa ne a ƙwan akuya? A miƙa amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin Alhamis.