Masanin Halittu a Bakin Madatsar Ruwa

Ɗalibai da yawa suna zaton samar da wutar lantarki daga ruwa aikin injiniyoyi ne kaɗai. Ba haka ba ne. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara mai gudu ya zama tafki. Kwantaccen ruwa kuwa shi ne gidan dodon-koɗi mai yaɗa tsargiya, sannan ginin yakan tare hanyar kifayen da ke haurawa su zuba ƙwai. Don nazarin wannan tafki aka kafa cibiyar bincike a Sabuwar Busa. Haka nan a tashar Rans ta Faransa, wadda igiyar teku ke juyawa tun 1966, masana sun daɗe suna bin halin kifayen bakin kogin. To, ɗalibin ilmin halittu, ga fili.