Amsoshin Tambayoyinku: Ina zan koyi tuƙin jirgin sama?

Wani matashi daga unguwar Ladji a Kwatano ya aiko yana tambaya wace makaranta zai zaɓa don ya zama matuƙin jirgin fasinja.

To malam, kafin ka biya ko sisi, je wurin likitan da hukumar kula da jiragen sama ta Benin, ANAC, ta amince da shi, a duba idonka, kunnenka da zuciyarka. Wanda bai ci gwajin lafiya mataki na ɗaya ba, ba zai tuƙa jirgin kasuwa ba.

Mutane kan ce ka tafi EAMAC a Yamai. Makaranta ce mai daraja, amma masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da injiniyoyi take horarwa. Cikin masu koyar da tuƙi akwai kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ta Ilori. Akwai kuma ta kamfanin jiragen Habasha a Adis Ababa.

Ko wacce ka zaɓa, taka da ƙafarka ka gani. Ƙirga jiragen da ke tashi da safe, ban da waɗanda aka lulluɓe a rumfa. Tambayi ɗalibai wata nawa suka yi suna jiran layi, domin lasisin kasuwanci na buƙatar kusan awa 200 a sama, hazon hunturu kuma kan hana tashi a arewa. Kada ka biya kuɗin a dunƙule.

Sai Turanci, tunda da Faransanci ka yi karatu: hukumar kula da jiragen sama ta duniya, ICAO, na neman mataki na 4 a harshen. Ka kuma tambayi ANAC a rubuce ko za ta karɓi lasisin makarantar.