Wa ke da ikon tsayar da ɗan takarar sanata?

Wani mai sauraronmu daga Gashuwa ya aiko yana ƙorafi cewa shugabannin jam'iyya na jiha suna ɗora wa jama'a ɗan takarar da suka ga dama. Yana tambaya, shin doka ta ba su wannan iko?

To Malam, ba ta ba su ba. Uwar jam'iyya ta ƙasa ce ke shirya zaɓen fidda gwani, hukumar INEC kuma ta sa ido. Sai dai a zaɓukan fidda gwani na 2022, a jiha aka haɗa jerin daliget, nan kuwa gizo ya yi saƙa, domin wanda ya riƙe daliget ya riƙe tikiti.

Uwar jam'iyyar ma ba ta tsira daga zargi ba, kuma a mazaɓarku aka gani. A watan Mayun 2022 daliget na APC a Yobe ta Arewa suka zaɓi Bashir Machina, amma jam'iyya ta miƙa sunan Ahmad Lawan. Kotuna biyu suka ba Machina gaskiya, sannan a Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, alƙalai uku a kan biyu, saboda hanyar da Machina ya bi wajen shigar da ƙarar. Fushinka yana da dalili, Malam.