Ƙuri'ar Masu Hannun Jari kan Ladan Shugabannin Kamfani da Barazanar Ƙara a Kotu

A manyan kamfanonin Birtaniya da Amurka, doka ta ba masu hannun jari damar kaɗa ƙuri'a kan abin da ake biyan shugabanni, wato albashi da garaɓasa da hannun jarin da ake ba su a matsayin lada. Birtaniya ta kafa dokar a 2002, kuma a 2003 masu hannun jarin GlaxoSmithKline suka yi fatali da tsarin biyan shugabansu. Tun daga 2013, ƙuri'ar da ake kaɗawa a can kan manufar biyan lada, aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku, dole ne kamfani ya bi ta. Amurka ta shigo da tata a dokar Dodd-Frank ta 2010, sai dai matsayin shawara kawai ta ba ta.

Daraktan da ya raina ƙuri'ar don shawara ce kawai bai san zafinta ba. A watan Afrilun 2012, kusan kashi 55 cikin ɗari na ƙuri'un Citigroup suka ƙi ladan dala miliyan 15 da aka tanadar wa shugaban kamfanin, Vikram Pandit. Kafin shekarar ta ƙare ya sauka daga kujerarsa. Tun a 2011 kuwa lauyoyi suka riƙa maka daraktocin kamfanonin da suka faɗi ƙuri'a a kotu. Yawancin ƙararrakin an kore su, domin alƙalai ba sa son tsoma baki a shawarar kasuwanci da aka yanke da kyakkyawar niyya, kuma ita kanta dokar Dodd-Frank ta ce ƙuri'ar ba ta ɗora wa daraktoci sabon nauyi ba. Duk da haka wata kotun tarayya a Ohio ta ƙi korar ƙarar da aka shigar kan daraktocin kamfanin Cincinnati Bell.

Cin ƙuri'ar ma ba ya hana ƙara, kuma a nan ne ake yawan sakaci. A 2018 masu hannun jarin Tesla suka amince da ladan shugaban kamfanin, Elon Musk, wanda darajarsa za ta iya kai dala biliyan 55.8. Wani mutum mai hannun jari tara kacal ya kai ƙara a jihar Delaware. A Janairun 2024 alƙaliya Kathaleen McCormick ta soke ladan. Abin da ta duba shi ne yadda aka ƙulla shi: takardar da aka aika wa masu ƙuri'a ta kira wasu daraktoci masu zaman kansu alhali suna da tsohuwar alaƙa da Musk, kuma babban lauyan kamfanin, wanda ya yi ta kai-kawo a cinikin, shi ne lauyan Musk a shari'ar sakin aurensa. Ƙuri'ar da aka kaɗa bisa bayani mai giɓi ba ta wanke kowa. Saboda haka sakataren kamfani da ya san aikinsa yakan fi sa ido kan rubutaccen bayanin zaman kwamitin lada, wa ya fara kawo adadin, wa ya ja da shi, fiye da ƙidayar ranar taro.

Masu hannun jarin sun sake amincewa da ladan a Yunin 2024, kamfanin ya mayar da rajistarsa Texas, alƙaliyar kuwa ta tsaya kan bakanta. Sai a Disambar 2025 Kotun Ƙolin Delaware ta maido wa Musk ladan, bisa hujjar cewa soke shi baki ɗaya ya wuce kima, bayan fiye da shekara bakwai ana shari'a.