Zaɓen Allon Kwamfuta Domin Tace Hoton Bidiyo

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa a yau ba ya rabuwa da ɗaukar bidiyo. Wanda aka tura ya nazarci dambe, ko tashe, ko waƙoƙin mata a gidan biki, ko kuwa ya yi hira da wani dattijo kan tarihin unguwarsu, da wuya ya dawo da littafin rubutu kaɗai. Zai dawo ne da waya ko kyamara cike da hotuna masu motsi, sannan ya zauna gaban kwamfuta ya yanke, ya jera, ya gyara haske, ya sa fassara a ƙasan hoton. Wannan aiki shi ne masu shirya finafinan Hausa ke kira "tace hoto". Kada a rikita shi da aikin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano wadda aka kafa a 2001, domin ita ta fuskar doka da tarbiyya take tacewa. Kalmar dai ɗaya ce, an aro ta daga tace gasara da rariya, amma aikin ya bambanta.

Idan ɗalibi zai sayi kayan wannan aiki, hankalinsa yakan tafi kan ƙarfin kwamfutar, allon kuwa sai ya ɗauki duk wanda ya fi girma ko ya fi ƙyalli a shago. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa allon tacewa ma'auni ne, kamar mudun mai awo. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya faɗi gaskiyar abin da ke cikin hoton, ko da gaskiyar ba ta burge ido ba.

Yadda Allo Ke Ruɗin Mai Tacewa

Mai tace hoto ba ya gyara abin da ke cikin kwamfuta kai tsaye, abin da allo ya nuna masa yake gyarawa. Saboda haka duk kuskuren da allon ya yi, shi zai mayar da kishiyarsa cikin fim ɗin ba tare da ya sani ba.

Ɗauki misalin haske. Ana auna hasken allo da ma'aunin da ake kira nit. Ƙa'idar da masu aikin talabijin ke bi ga bidiyo na yau da kullum ita ce a saita allo a kan nit 100, a ɗaki mai ɗan duhu. Allunan da ake sayarwa kuwa da yawansu suna fitowa daga kwali da hasken da ya ninka haka sau biyu ko uku, don su ja hankalin mai saye. Ɗalibin da ya yi hira da dattijo a cikin zaure, inda haske bai wadata ba, zai ga fuskar tsohon ta fito sarai a irin wannan allo, ya ɗauka babu abin gyara. Ranar da aka haska aikin da majigi a gaban malamai, sai a ga rawani da farin gemu kawai, fuskar ta nutse cikin duhu.

Wannan matsala ta fi shafar mu masu baƙar fata, domin bayanin fuskarmu, wato tsagar gado da tamoji da motsin ido, yana zaune ne a ɓangaren hoto mai ƙarancin haske, inda ƙaramin kuskure ke shafe abu da yawa. Batun yana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, don su daidaita injinansu da launin fatarta. Sai a shekarun 1990 kamfanin ya fito da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kayan aikin yau sun fi na wancan zamani nesa ba kusa ba, amma har yanzu mai tacewa ne ke da alhakin tabbatar da fuskar mutanensa ta fito yadda take.

Haka abin yake game da farin launi. Bahaushe na cewa fari fat, to amma a wurin allo fari iri-iri ne. Wanda ƙa'ida ta amince da shi ana kiran sa D65, kuma idan an shiga wurin saitin allo shi ne wanda aka rubuta 6500K. Allon da farinsa ya karkata zuwa shuɗi zai sa mai tacewa ya yi ta ƙara ruwan ɗorawa don ya gyara abin da lafiyarsa ƙalau, a ƙarshe farar babbar riga ta fito kamar wadda ta shekara a ƙasan adaka.

An ce ido ba mudu ba, ya san kima. A wannan aiki kimar ido ba ta isa, domin ido yana sabawa da duk launin da ya daɗe yana kallo. Shi ya sa manhajojin tacewa irin su DaVinci Resolve da Adobe Premiere Pro suke ɗauke da ma'aunai masu zana yawan haske da launin hoton a jadawali. Waɗannan ma'aunai daga cikin fayil ɗin suke karantowa, ba ruwansu da halin allo. Ɗalibin da bai da kuɗin allo mai kyau, idan ya koyi karanta su, ya rage rabin matsalarsa.

Ƙa'idar Launi

Kowane allo yana da iyakar launukan da zai iya nunawa. Ƙa'idar bidiyo na yau da kullum ita ce Rec. 709, wadda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta amince da ita a 1990. Ta kwamfuta da intanet kuwa ita ce sRGB, wadda kamfanonin HP da Microsoft suka fito da ita a 1996. An yi sa'a su biyun ja ɗaya, kore ɗaya, shuɗi ɗaya da fari ɗaya suke amfani da su. Don haka allon da takardarsa ta ce yana nuna kashi 99 ko 100 cikin 100 na sRGB ya isa aikin ɗalibi, har ma da fim ɗin da za a sa a YouTube.

Akwai alluna masu faɗin launi fiye da haka, waɗanda ake rubuta wa DCI-P3, ƙa'idar gidajen sinima. Suna da kyau, amma suna da tarko. Idan ba a saita su daidai ba, sukan ƙara wa kowane launi kauri. Wanda ya ɗauko hawan sallah zai ga jar riga da koriyar dogarai suna ci kamar wuta, ya rage musu ƙarfi, alhali a ainihin fayil ɗin daidai suke. Mai kallo a gida sai ya ga dogarai cikin kayan da suka koɗe. Maganin abin shi ne a duba ko allon yana da saitin sRGB ko Rec. 709, a tsayar da shi a can.

Za a kuma ga an rubuta 8-bit ko 10-bit. Na farko yana raba kowane launi daga cikin ukun zuwa mataki 256, wato jimillar launi kusan miliyan 16.7, na biyu kuwa mataki 1,024, wato sama da biliyan ɗaya. Bambancin yakan fito ne a hoton sararin sama lokacin faɗuwar rana, inda mai 8-bit kan nuna launin hawa-hawa kamar matakalar bene. Ga mai farawa wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Ire-iren Allo

Mafi araha shi ne TN, kuma shi ne bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan, domin da zarar mutum ya ɗan zame a kujera ko ya miƙe tsaye launin ya sauya. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu sauƙin kuɗi irinsa ne a jikinsu. IPS, wanda kamfanin Hitachi ya fito da shi a 1996, yana riƙe launinsa ko ta gefe aka kalla, kuma shi ya kamata ɗalibi ya nema. Rauninsa shi ne baƙinsa bai kai baƙi ƙirin ba, yakan ɗan yi toka-toka a ɗaki mai duhu. VA ya fi shi baƙi amma bai kai shi riƙe launi ta gefe ba. OLED ya haɗa duka biyun, sai dai ga tsada, ga shi kuma hoton da ya daɗe a wuri ɗaya, irin maɓallan manhaja, yana iya barin tabo a jikinsa.

Girma da Yawan Ɗigo

Hoton allo tarin ƙananan ɗigogi ne. Faifan VCD da aka riƙa sayar da finafinan Hausa a kansa yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, DVD kuwa 720 da 576. Abin da ake kira Full HD shi ne 1920 da 1080, sai 4K mai 3840 da 2160, wanda ya ninka Full HD sau huɗu cif.

Girman allo da yawan ɗigonsa tare ake duba su. Allo mai inci 24 da Full HD yana da ɗigo kusan 92 a kowane inci, kuma yana da kyan gani. Idan aka shimfiɗa wannan adadi a kan inci 27 sai ya sauko zuwa 82, rubutu ya fara yin kaushi. Inci 27 ya fi dacewa da 2560 da 1440, wato ɗigo 109 a inci, kuma a ganina nan ne daidai ruwa daidai tsaki ga yawancin masu tacewa, domin za a sami filin da za a baje aiki. Ba dole ba ne sai da allon 4K ake tace hoton 4K. Wanda ya saye shi kuwa ya lura da waya da mashigar kwamfutarsa: HDMI 1.4 ba ta kai 4K fiye da sau 30 a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2 ne ke kai shi 60. Tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai a ajiye ta gefe.

Allo Ɗaya ko Biyu?

Tsarin da ƙwararru suka saba da shi allo biyu ne. Ɗaya yana ɗauke da manhaja da dogon layin da ake jera gutsattsarin fim, ɗayan kuma hoton kawai yake nunawa, cike da allo. Hikimar wannan tsari ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ba sai duka biyun sun yi tsada ba. A zuba kuɗin a kan wanda zai nuna hoto, wancan kuwa ko fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka ta wadatar. Sharaɗin shi ne a yanke hukuncin launi a kan allo ɗaya tak, kada a riƙa waiwayen ɗayan, domin da wuya alluna biyu su yi daidai da juna. Dogon allon nan mai faɗi da ake rubuta wa 21:9 yana da daɗin jera aiki, amma ba ya ba da hoto cikakke a gefe guda.

Kada a ruɗu da allunan masu wasan kwamfuta da ake tallar suna sabunta hoto sau 144 ko 240 a daƙiƙa. Nijeriya ta gaji tsarin talabijin na PAL, mai hoto 25 a daƙiƙa. Abin lura kawai shi ne 25 ba ta raba 60 daidai, don haka a allo mai 60Hz za a ga hoton yana ɗan tuntuɓe idan kyamara tana juyawa a hankali. Laifin ba na ɗauka ba ne. Idan allon yana karɓar 50Hz ko 75Hz, a mayar da shi can. Bidiyon waya mai hoto 30 a daƙiƙa ba shi da wannan matsala.

Rubutun Ƙasan Hoto

Nan ne aikin ya fi shafar ɗalibin harshe. A babban allo da ke dab da fuska, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ tana fitowa sarai, haka ma alamomin karin sauti ga wanda ya sa su. A fuskar waya kuwa, inda yawancin mutane za su kalla, ƙaramin rubutu kan haɗiye ƙugiyar, a kasa bambanta "ƙafa" da "kafa", ko "ɓata" da "bata". Saboda haka kafin a miƙa aiki a tura shi cikin waya mai sauƙin kuɗi a kalla, a ɗaki da kuma waje cikin rana, sannan a gwada a talabijin. A bar tazara tsakanin rubutun da bakin hoto, domin wasu talabijin suna ɗan datse gefe-gefe.

A Wurin Saye

Ɗalibai da yawa na gwanjo za su saya, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko makamanciyarta, kuma babu aibu a ciki: tsohon IPS na ofis mai lafiya ya fi sabon TN amfani. A je da filasha mai ɗauke da hotuna biyar, fari da baƙi da ja da kore da shuɗi, a buɗe kowanne ya cika allon. Farin zai tona tabo da wuraren da suka yi rawaya saboda tsufa, baƙin zai nuna hasken da ke yoyo ta kusurwa, sauran ukun kuma su fito da matattun ɗigogi. A haɗa da hoton fuskar wani da aka sani sosai. A nemi lambar samfurin da ke bayan allon a bincika ta a intanet, kada a dogara da bakin mai shago.

Idan an kai shi gida, kada a ajiye shi yana fuskantar taga, kada kuma taga ta kasance a bayansa. A kashe duk wani saiti mai ƙara kaurin launi ko mai sauya haske da kansa, a bar shi ya yi kamar minti 30 a kunne kafin a fara gyaran launi. Akwai 'yar na'urar auna launi da ake ratayawa a fuskar allo ta daidaita shi, irin ta kamfanin Datacolor ko Calibrite. Ta yi wa mutum ɗaya tsada, amma tunda ba kullum ake buƙatarta ba, ɗaliban aji guda za su iya yin karo-karo su sayi ɗaya, ta riƙa zagayawa tsakaninsu duk bayan wata ɗaya ko biyu.