Darasin Iyali: Kalandar Jiran Kirsimeti Daga Karan Dawa

Kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa. A daidai wannan lokaci ne Ikilisiya take buɗe sabuwar shekararta da Lokacin Zuwan Almasihu, wanda ake kira Adben, mai Lahadi huɗu kafin Kirsimeti.

Yaron da ke Jos ko Legas ba ya bukatar a gaya masa Kirsimeti ta matso, kantuna da rediyo sun riga sun sanar da shi. Amma a karkarar Gwarzo da Kabo, har su Masanawa, inda gidajen Kirista suke jefi-jefi, Fada kuma ba ya samun isa kowane ƙauye kowace Lahadi, babu mai tuna wa yaro wannan lokaci sai gidansu. Idan gida ya yi shiru, abin da zai sani game da Kirsimeti shi ne ɗinki da shinkafa da nama. Saboda haka muke so kowane iyali ya haɗa kalandar ƙirga kwanakin jira da hannunsa, da abin da gona ta bari.

Al'adar ta samo asali ne a ƙasar Jamus, a ƙarni na 19. Iyaye sukan ja layuka da alli a jikin ƙofa, kowace safiya yaro ya goge ɗaya. A shekara ta 1839 wani malamin addini na Furotesta a birnin Hambog, Johann Hinrich Wichern, wanda yake riƙon yara matalauta, ya ga sun dame shi da tambayar yaushe ne Kirsimeti. Sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ya jera kyandir a kanta, ƙanana domin ranakun mako, manya huɗu domin Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana. A gidajen Katolika na waɗannan ƙasashe kuma akwai wata al'adar: ana ajiye komin dabbobi ba komai a ciki, duk yaron da ya yi aikin kirki ya sa tsinken ciyawa ɗaya, domin Jariri Yesu ya sami shimfiɗa mai laushi. Sai a farkon ƙarni na 20 ne wani mai buga littattafai, Gerhard Lang, ya fara sayar da kalandar takarda. Daga baya aka yi mata 'yan ƙofofi, aka cusa alewa a ciki, ta zama kayan kasuwa.

Kafin mu yanki kara ko ɗaya, sai mu san adadin kwanakin. Kalandar kanti tana farawa ran 1 ga Disamba, kullum da ƙofofi 24 ko 25, domin haka ya fi wa mai sayarwa sauƙi. Ikilisiya kuwa tana farawa da Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, idin Waliyyi Andarawus. Wannan Lahadi tana iya faɗawa ko'ina daga 27 ga Nuwamba zuwa 3 ga Disamba, don haka kwanakin jira sukan kama daga 22 zuwa 28. A 2022 an fara ran 27 ga Nuwamba, aka yi kwana 28. A 2023 an fara ran 3 ga Disamba, kwana 22 kacal, har Lahadi ta huɗu ta zo daidai da jajiberen Kirsimeti. A 2024 ne lissafin Ikilisiya da na kanti suka yi daidai. Mu tambayi katikis ranar farawa ta bana, mu ƙirga daga nan zuwa 24 ga Disamba.

Kayan aikin duk suna tsakar gida. A zaɓi busasshen karan dawa mai kauri, wanda gara ba ta taɓa ba, a yayyanka shi gaɓa-gaɓa, kowane guntu kamar tsawon tafin hannu, ɗaya domin kowace rana. Huɗu na Lahadi a bar su su fi sauran tsawo. A sami igiyar rama ko ta kaba mai kamu biyar ko shida, a ɗaura guntayen a jere da ƙulli mai sauƙin kwancewa, su yi kama da ɗan asabari. Babba ne zai riƙe wuƙa. Ɗauri da ado aikin yara ne, kuma kada mu karɓe musu don mun ga layin ya karkace. Wanda ya ɗaura da hannunsa shi zai fi ɗokin kwancewa.

Launin wannan lokaci shunayya ne, irin na rigar da Fada yake sawa a Mas, alamar tuba da shiri. Mai galura ya rina karan Lahadi da ita. Wanda ba shi da ita ya jiƙa su a ruwan zoɓo mai kauri, ko ya ɗaura musu tsumma mai wannan launi. Na Lahadi ta uku a bambanta shi da ja mai haske, domin ita ce Lahadin Farin Ciki. A yi wa 8 ga Disamba alama da farin zare, idin ɗaukar cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba. Sa'an nan a tsaga bakin kowane kara kaɗan, a soke 'yar takarda a naɗe. Takardar buhun siminti ta isa.

Abin da za a rubuta a takardar nan shi ne ya fi bukatar tunani, kuma ya kamata maigida da uwargida su zauna su shirya shi tare. Kowace takarda ta ɗauki abu biyu: wurin karatu gajere, da aiki ɗaya na gobe. A makonnin farko mu bi annabawa, musamman Ishaya sura 9 da 11 da 40, da Mika sura 5, da wa'azin Yohanna Mai Baftisma. Daga 17 ga Disamba Ikilisiya takan juya ga labarin haihuwar kanta, mu ma sai mu bi ta: ran 17 da 18 Matiyu sura 1, asalin Yesu da mafarkin Yusufu, daga 19 zuwa 24 Luka sura 1, kashi-kashi, daga Zakariya a Haikali, da gaisuwar mala'ika Jibra'ilu, da ziyarar Maryamu ga Alisabatu, har haihuwar Yohanna. Gidan da ba mai karatu, a yi zane da gawayi maimakon rubutu, tauraro ko tunkiya ko kogi, katikis ko wani ɗan makaranta ya bayyana ma'anarsa ran Lahadi.

Aikin kuwa ya zama wanda yaro zai iya gamawa kafin rana ta faɗi. Ya ɗebo wa tsohuwa ruwa, ya kai wa gwauruwa itace, ya je gai da maƙwabci marar lafiya, Kirista ne ko Musulmi. Amma mu yi hankali kada duk nauyin ya faɗa a kan yara, mu manya muna kallo. A sa wasu takardun da sunan baba da inna: ranar zuwa furta zunubi, ranar neman sulhu da ɗan'uwan da aka yi rigimar iyakar gona da shi, ranar auna mudun dawa a kai gidan da damina ba ta yi wa kyau ba. Muna ba da shawara takarda ɗaya, tun a makon farko, ta ce iyali su zauna su yanke abin da za a kashe a bikin. Mun sha ganin magidanci ya fitar da hatsi ya sayar da arha a kaka domin ɗinki, ya dawo yana sayen irinsa da tsada a tsakiyar damina, ko ya ci bashin da zai bi shi har wata kakar. Yaran da suka ji wannan lissafi da kunnensu sukan rage kukan sabon takalmi.

Lokacin buɗewa shi ne bayan tuwon dare, sa'ad da kowa yake gida. A yi alamar gicciye, yaro ɗaya ya kwance karan ranar, a karanta, a yi Ubanmu da Gaisuwar Maryamu. A riƙa juyawa daga ƙarami zuwa babba, mata da maza, don kada rigima ta tashi. Karan da aka kwance kada a jefa shi a murhu. Kashegari, in an cika aikin, a fere shi siriri-siriri a zuba a ƙaramar ƙwarya ko akushi, wanda shi ne komin Jariri. Igiya tana raguwa, komi yana cika, har ɗan shekara uku yana ganewa da idonsa. Idan yaro ya kasa aikinsa, a ba shi dama ya rama gobe, kada a hana shi sa nasa a komi a gaban 'yan'uwansa. Kalandar ba bulala ba ce.

Wani zai so ya ƙara kyandir huɗu kamar yadda ake yi a coci. Ba laifi, amma hunturu lokacin gobara ne, busasshen kara da zana da jinka ba sa shiri da wuta. A ajiye kyandir a kasko a ƙasa, nesa da igiyar, babba ya kashe shi kafin a tashi. Igiyar kuma a rataye ta sama a cikin ɗaki, inda akuya ba za ta kai ba.

Ran 24 ga Disamba da yamma za a kwance kara na ƙarshe. Yara su riga su gina ɗan siffar jariri da yumɓu ta bushe. Bayan an dawo daga Mas ko addu'ar dare, autan gida ya kwantar da ita a komi, a karanta Luka sura 2, daga aya 1 zuwa 20. Masu so su kawo komin nasu coci ran Kirsimeti domin a sa masa albarka, sai su sanar da katikis tun Lahadi ta huɗu.